Rasuwar Baba Ja, Bugu na Uku

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Mujtaba Gesse, a madadin iyalina da abokan zamanmu na ranar Asabar, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Baba Ja, littafin dokokin wasanmu, bugu na uku, mai jan bango da shafi ɗari uku da goma sha biyu. An tabbatar da rasuwarsa ranar Talata da hantsi a Argungu, a shagon Malam Faruk mai ɗinkin littattafai, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san yana yin ta. Ya yi shekara goma sha ɗaya a hannunmu. Shekarunsa na kafin nan Allah ne masani, domin ko da ya zo mana bangonsa ya riga ya koɗe.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, shi ne alƙalin wani wasa da ake yi a zaune kewaye da tebur. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jarumin da yake magana da bakinsa. In jarumi zai yi abu mai haɗari sai a jefa ƙwayar lido, littafin ya faɗi ko ya tsira ko bai tsira ba. Ni ne mai ba da labarin. Baba Ja bai taɓa yin son kai ba. Ya kashe jarumar matata Zakiyya sau biyu a cikin gidanta, ya kuma ci gaba da kwana a ɗakinta. Yana da haƙuri: an zuba masa kunun aya, an kashe sauro da shi, an tokare ƙofa da shi a ranar iska, bai ce uffan ba. Muryarsa uku ce. In an buɗe shi ƙashin bayansa ya ce ƙirrr, in ana neman hukunci ya ce shaf, shaf, shaf, in an gama gardama ya ce fap, kowa ya yi shiru.

Wanda ya kawo shi garin nan shi ne maƙwabcinmu Silvanus Dung, mutumin Jos, mai gyaran injin ban ruwa, Allah ya ji ƙansa. Ya je gyara injin abokina Abdussamadu a fadamar Ambursa, Abdussamadu ya ga littafin a jakar kayan aikinsa ya tambaya, daga nan zama ya fara. Mu biyar ne: ni, da Zakiyya, da Abdussamadu, da Silvanus, da ƙanwarsa Dinatu, ma'aikaciyar jinya. Silvanus bai bar gefen shafi ya huta ba. Duk dokar da bai yarda da ita ba sai ya rubuta gyaranta da shuɗin biro, wani wurin da Turanci, wani wurin da Hausa, wani wurin kuma zane ne kawai na kifi. Jaruminsa ɗaya ne tun farko, wani mai fito, mai ƙetarar da mutane a jirgin ruwa, da ya sa wa suna Dogo.

A zamanmu na ƙarshe da Silvanus, shekara uku da suka wuce, labarin ya kawo jarumanmu bakin wani babban kogi. Jirgin Dogo ya yi ƙanƙanta, sai Silvanus ya ce Dogo zai fara hayewa da kaya, ya dawo ya ɗauki mutane. Aka kira magariba muka tashi. Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da Silvanus, ranar Lahadi aka tafi da gawarsa Jos.

Da muka koma zama bayan wata biyu, ba wanda ya iya cewa a haye kogin. Ni ma ban iya ba. Na yi ta ƙirƙiro musu abin yi a wannan gaɓar: kasuwa, ɓarayin shanu, rijiya mai aljanu. Sun gina gari guda a bakin ruwan. Duk lokacin da na ajiye Baba Ja a tebur, da kansa yake buɗewa a shafi na ɗari da goma sha huɗu, babin masu fito. Na san nauyin hannun Silvanus ne ya karya ƙashin bayan a wurin. Sanin hakan bai taɓa hana ni saurin juya shafin ba.

Ciwon ajalin marigayin ya fara ne a watan azumin da ya wuce, kuma ni ne sanadi. Kamfanin da ke buga wasan, can ƙasar waje, ya sanar cewa bugu na huɗu na nan tafe. Ba rana, ba jerin babi-babi. Sai raɗe-raɗi ya bazu tsakanin masu wasan cewa za a rage jarumai, kuma masu fito na cikin waɗanda za a cire. A ranar na tara mutanena na yanke abin da na ɗauka hikima ce: in sabon bugu ya bar masu fito a ciki, Dogo zai dawo da jirginsa, Dinatu ta riƙe shi, in an cire su, to kogi ya ci shi, mu yi makoki mu wuce. Kafin nan an dakatar da wasa. Na sa Baba Ja a kwali na kai shi sito, kusa da buhunan shinkafa, domin ba na son ganin ya buɗe.

Daga nan muka zama masu gadin waya. Kamfanin ya saki hoton inuwar wani mutum riƙe da abu mai tsawo. Abdussamadu ya rantse gorar tuƙa jirgi ce, Zakiyya ta ce mashi ne, muka yi ta ƙara girman hoton har ya dagargaje. Bayan wata biyu suka saki bidiyon minti ɗaya, hayaƙi da kiɗa da kalmar nan ta kullum, wai nan ba da jimawa ba. Masu wasan daga ƙasashe dabam-dabam suna ta roƙon abu ɗaya: ba mu ce a ba mu littafin ba, a dai faɗa mana wa ya rage wa ya tafi, mu san yadda za mu yi da jaruman da muka yi shekaru da su. Ni kaina na aika saƙo huɗu. Amsa ɗaya ce take dawowa, suna godiya da ƙaunata. Abdussamadu kan tsayar da babur a tsakiyar hanyar Ambursa don ya duba ko an ce wani abu. Dinatu kaɗai ba ta shiga gardamar ba. In mun haɗu a ƙofar gida sai ta gaishe ni, ta tambayi Zakiyya, ta tsaya kaɗan kamar mai sauran magana, sannan ta wuce.

Damina ta zo ta tafi. Rufin siton yana yoyo ta kusurwa, ban sani ba, domin wata bakwai ban shiga ba.

Ranar Litinin da ta wuce Dinatu ta yi sallama da la'asar, ta ce mahaifiyarsu ta roƙa a ɗauko mata hoton rubutun ɗanta, ko shafi ɗaya ne. Na shiga sito na ɗauko kwalin, na ji ya yi nauyin da ba nasa ba. Bangon yana nan ja kamar kullum. Na ɗora shi a tebur, bai buɗe ba. Na sa hannu na buɗe shi, bai ce ƙirrr ba. Gara ta shiga ta ƙasa ta cinye cikinsa, ta mayar da jar ƙasa a gurbin takarda.

Washegari muka garzaya da shi Argungu, ni da Dinatu, yana kan cinyarta naɗe a zane. Malam Faruk, wanda ya shekara talatin yana ceto littattafan malamai, ya sa gashin kaza ya share ƙasar a hankali, ya ɗaga abin da ya ɗagu. Sannan ya ce, "Malam, wanga littahi ya riga ya tahi. Bango na iya ɗinkuwa, amma ban da abin da zan ɗinka mai ciki."

Daga babin masu fito tsinken takarda ɗaya ya tsira, bai kai tsawon yatsa ba, da rabin kifi a jiki. Dinatu ta sa shi a cikin jakar katin aikinta. A mota ban iya kallonta ba. Sai da muka wuce gonakin shinkafa ta ce, "Yaya Mujtaba, mutanen nan ba su san yayana ba. Don me muka bar musu su faɗa mana ko zai dawo?"

Marigayin ya rasu ya bar ƙwayoyin lido bakwai, babbarsu mai fuska ashirin, da taswira ɗaya da aka zana a bayan kalanda, da jarumai uku a bakin kogi, da mu huɗu. Tun ranar Talata, in gidan ya yi tsit bayan azahar, ina jin shaf, shaf, shaf daga wajen sito. Zakiyya ta ce ɓeraye ne. Na lura ita ma ta daina bi ta wurin.

Za a yi masa sutura ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu da rabi, a gonar Abdussamadu da ke Ambursa, ƙarƙashin giginyar da ke bakin ruwa. Ba za a yi salla ko waƙar coci ba, takarda ce. Masu tashi daga Gesse su hallara ƙofar gidana da ƙarfe uku. Bayan an rufe shi za a shimfiɗa tabarma, a kawo sabon littafin rubutu, duk wanda ya tuna wata doka ko wani gyara na shuɗin biro ya rubuta yadda ya tuna, ko da ba daidai ba. Daga nan Dinatu za ta ɗauki babbar ƙwaya ta jefa wa Dogo, abin da ya fito shi ke nan.

Mun samu labari cewa a wannan ranar, kusan wannan lokacin, kamfanin zai bayyana cikakken jerin jaruman bugu na huɗu. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su kashe wayoyinsu tun daga bakin gona. Wanda ya riga ya gani, don Allah ya riƙe a cikinsa har mu haye.