Igiyar da Ta Ƙi Wucewa

"Lafiya lau, sai dai takaicin zuwanka," in ji Kaka, ba ta ko ɗago kai daga kan keken ɗinkinta ba. "Tun kana ƙofar gida na ji warin baƙin mai, na ce to, mijin wahala ya iso."

"Ai dole ki bi wari, tunda idon ya yi ritaya," Makanike ya ce, yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa.

Jikanta ne, ɗan babban ɗanta, kuma yau ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Yanar ido ta rufe wa Kaka ido ɗaya, tana neman na biyun. Kwanan baya allurar keken ta huda mata yatsa, duk da haka ta ce ita da asibiti sai dai a kai gawarta. Shi ne Baba ya yanke hukunci: ko ta yarda a duba idon, ko a ɗauke keken daga ɗakin. Da yake Baban ba shi da ƙarfin halin faɗa wa uwarsa haka ido da ido, sai ya turo wanda ya saba zaginta ya kwana lafiya. Makanike ya zo da mota, har ya shimfiɗa tsohon bargo a baya.

"Na ji ka tsayar da akwalarka a waje," in ji ta. "Uban naka ne ya aiko ka sata?"

"Sata kuma? Wannan keken ko a bola na gan shi sai na tsallake. Ya girmi Baba."

"Ya kuma fi ka amfani. Shi in na taka shi motsi yake yi."

"Me ake ɗinkawa ne, amarya? Hular sauro?"

"Jakar alawa ce, jahili. Hutu ya zo, yaran gidan nan za su cika mini ɗaki, har da naka mai kunnuwa irin na ubansa. Kowa da jakarsa."

"Ki zuba musu a leda mana."

"Kai ne aka raina a leda, shi ya sa ka fito a yamutse."

Ya ja kujera ya zauna. A kan teburin akwai ƙyalle ja mai ɗigo-ɗigo da wani fari mai laushi na shafi, ta haɗa su baki da baki ta ɗinke, abin ya zama doguwar aba marar kai marar gindi.

"Kin rufe ta ko'ina. Ta ina alawar za ta shiga, ta taga?"

"Kawo hannunka. A'a, mayar da shi, kar ka ɓata mini yadi." Ta laluba ƙasan shafin, ta sami 'yar kafar da ta bari da gangan, ta zura yatsu biyu ta fara jawo jan ƙyallen ta ciki. Jakar ta fito a hankali har ta juye gaba ɗaya, duk bakin ɗinkin ya ɓuya. Ta cusa farin cikin jan, ta daddanna kusurwoyin da gindin fensir.

"To fa, jaka ta haihu. Barka, ungozoma."

"Haka aka jawo ka, kana ihu. Ita ko ta fito da kunya."

"Shafin na mene ne? Alawar sanyi take ji?"

"Alawa in ta ji ɗumin hannun yaro narkewa take yi. Shafin ne zai sha danƙon, wajen ya zauna fes. Da uwarka ta sa maka shafi, da ba ka yi wannan dauɗar ba."

Ta mayar da jakar ƙarƙashin allura, ta taka keken, ta zagaye bakinta da layin ɗinki biyu, ɗaya sama da ɗaya, don su bar ƙubaka, hanyar da igiyar zugewa za ta bi. Makanike ya lura fuskarta ta kusa taɓa allurar.

Ta soka fil a bakin igiyar, ta zura shi ta 'yar kafar da ta bari a gefen ƙubakar, tana tura shi da yatsu, ƙyallen yana tattaruwa. Fil ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. Ta tura, ya ƙi. Ta ja baya ta sake turawa.

"Wannan fil ɗin na zamani ne," in ji ta. "Rago, kamar samarin yanzu."

"Ba ni in gani."

"Ka ga me? Ka iya ɗinki ne?"

"Na iya gane hanyar da ta toshe. Sana'ata ke nan."

Ta miƙa masa ba da son ranta ba. Ya kai jakar bakin taga. Layin ƙasa ya taho daidai, sai ya fara hawa sama a hankali har ya haɗu da na sama, suka rufe ƙubakar ruf. A cikin kwandon da ke gefen keken akwai sauran jakunkunan da ta gama, ba ta zura wa ko ɗaya igiya ba tukuna. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk haka suke. Tausayinta ya kama shi, abin da bai saba ji a ɗakin nan ba.

"Ka yi shiru," in ji Kaka. "Kai ba ka shiru sai kana cin abinci. Layin ya karkace?"

"Ya karkace."

"Sosai?"

"Da direba ne ke, da yanzu muna cikin rami ni da fasinjoji."

"Sauran fa?"

"Duk rami ɗaya suka faɗa."

Ta ɗora hannu a kan keken. Makanike ya ɗauki reza daga cikin gwangwanin maɓallai, ya fara farke layin da ya kauce, zare bayan zare, da manyan yatsunsa.

"A hankali, ba taya kake faci ba."

"Ki yi mini shiru, ina aiki. Zan farke su duka, amma ni ba zan ɗinka ba, kuma wannan tarkacen ba zai hau motata ba. Nauyinsa zai karya mini ita. Ke dai na san ba ki da nauyi, ƙashi ne da baki."

"Ni za ka ɗauka?"

"Ɗaya daga cikinku zan kai wa Baba labarin na ɗauka. Zaɓi ya rage naki."

Kaka ta yi tsaki. Ta jawo ledar alawar daga ƙarƙashin matashi, ta laluba ta zaro ɗaya, ta jefe shi da ita. Ta same shi a goshi.

"Ka gani? Makauniya ce ta yi wannan saitin?"

"Goshin ne da faɗi."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share ido da bakin mayafi.

"To, gobe ka zo ka kai ni wurin likitan naku. Ka yi wanka, kar su ɗauka kai aka kawo. Amma ka sani, in suka wanke mini idon nan na ga fuskarka da kyau, auren nan ya mutu."