Jajen da Na Kai Ɗakin Kajin Maman Ladi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da annoba ta share mana kaji a Tudun Fulani ba, kuma har gobe ina kan bakana: duk wanda ya ajiye injin ƙyanƙyasa a ɗakin haya, babu rajista, babu likitan da ke leƙa shi, yana sayar wa mata 'yan tsaki masu ciwo, azzalumi ne. Na faɗa, ba zan janye ba. Sai dai zancen yana da ragowa, kuma ragowar a kaina ta ƙare.

Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu kiwon kaji a unguwarmu. Ba don na fi kowa kaji aka zaɓe ni ba, don na fi kowa baki ne. Ga shi na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da uku, na fito ina karanta rubutun jikin kwalbar magani da kaina. (Wanda ya koyi karatu da furfura, ku yi masa uzuri. Ko allon shago ya gani sai ya karanta da ƙarfi.)

Ciwon ya fara ne a gidan Hajiya Nnawo, Banufiya 'yar Bida, wadda ta sayo 'yan tsaki masu araha wurin wani mai irin wannan inji. Kwana kaɗan suka soma koren zawo, wuya yana murɗewa, daga ƙanana ya haye manya. A wurinmu kuwa, in kaji suka mutu wa mace, jaje ake zuwa kamar na gobara. Kuma wadda ta tsaya tsakar gida ba ta yi jaje ba. Sai kin shiga ɗakin, kin ga ɓarnar da idonki, kin riƙe haɓa kin ce, "Allah ya mayar da alheri." Na sa takalmina na fita, na je, na shiga, har na taya ta kwasar matattu.

Daga can ban koma gida ba. Na ce ai shugaba ce ni, dole in gargaɗi mutanena. Gida huɗu na zaga a yinin nan, ina shiga ɗakin kajin kowa, ina ɗaga fiffike, ina duba kashi, ina ba da umarni sai ka ce likita. Na ƙarshe shi ne gidan Maman Ladi, Bagwariya, maƙwabciyata ta shekara ashirin. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ta sayar da gonarsa ta sayi kaji masu ƙwai ɗari biyu. Wata biyar tana rainonsu, kuma a satin nan suka fara saka ƙwai.

"Shugaba, ka duba min su da kyau," in ji ta da irin Hausarta. "Su ne gonana, su ne mijina."

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau. Ke dai kada ki bar kowa ya shigo."

Kafin sati biyu gidajen nan huɗu duk sun kamu. Maman Ladi ta haƙa rami bayan gida, ya cika, ta haƙa wani. Ba ta yi kuka ba. Tana dai tashi da safe ta cika robobin ruwa, sannan ta tuna babu mai sha. Nawa kuwa ko ɗaya ba ta yi tari ba. Na ce addu'a ce.

Da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka kira mu taro a wata makarantar firamare, kwana uku na yi ina rubuta jawabi. Shafi biyu, na farko a rayuwata. Na miƙe gaban jama'a, na gyara gyale, na karanta da murya sama: mai ƙyanƙyasa ya kashe gida biyar, hukuma tana barci, sai an bi mana haƙƙinmu. Aka tafa. Wallahi na ji daɗin tafin nan.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba.

"Mun gode, Mama," in ji ta. "Wurin nan mun riga mun rufe shi. Amma gida biyar kika ce. Duka can suka saya?"

"Hajiya Nnawo ce kaɗai."

"To, ciwon nan galibi ɗaukarsa ake yi. A takalmi, a hannu, a gefen zani."

Ta juya ta bi matan ɗaya bayan ɗaya: wa ya shiga ɗakin kajinki kafin su kamu? Ta farko ta ce Shugaba. Ta biyu ta ce Shugaba. Ta uku da haɓa ta nuna ni. Aka zo kan Maman Ladi, ta sunkuyar da kai.

"Ba kowa."

"Ba kowa, Mama?"

"Sai Shugaba. Amma shi na gida ne."

Kare ni take yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likita ta juyo gare ni ta ce, "Naki fa, nawa suka mutu?"

"Babu."

"Da wane takalmi kike shiga wurinsu?"

Nan bakina ya riga hankalina. "Ina da tsohon silifas da tsohon zani a bakin ƙofa mana! Wa zai shiga kashin kaji da kayan fita?"

Sai da maganar ta fita na ji ta. Ɗakin kowa na shiga da su, ban da nawa. Wata daga baya ta ce, "Ashe kashin namu turare ne, Shugaba." Babu wadda ta yi dariya. Na dubi ƙafata, ga takalmin nan, shi ne dai na sa zuwa taron. Ina tsaye da shafi biyu a hannu, na rasa inda zan ajiye su.

A ranar na gane karanta jikin kwalba ba ya mayar da mutum likita, kuma jajen kaji daga bakin ƙofa ake yin sa.

Washegari da sassafe na damƙa wa 'yata kajina, na ce ba zan sake leƙa su ba sai na gama wani aiki. Na ɗauki jarkar maganin feshi da likita ta rubuta mini, da tsintsiya, da bokiti. A ƙofar Maman Ladi na tuɓe takalmi, na yi sallama, na tsaya har ta fito.

"Maman Ladi, ni ce na kashe miki kaji. Na zo wanke ɗakin. Ranar da likita ta ce ɗakin ya huta, rabin kajina naki ne."

Ta dubi jarkar da ke hannuna. Sannan ta matsa gefe.

"Ka fara daga wancan lungu, Shugaba. Can suka fi mutuwa."