Mun Gode da Ƙofar da Ba Mu Gani Ba

Yau da safe na ga rubutun ɗalibaina a cikin gilashi, an rataye shi a bangon ofishin manya kusa da agogon da ya daina aiki. Kamata ya yi in yi murna. Amma ban yi ba.

Bari in faro daga farko, don ni ba gwanar magana ba ce. Aji shida nake koyarwa a wata firamare. A gaban yara bakina lafiya lau yake, amma da zarar babba ya dube ni ta saman tabarau, duk abin da na karanta a jami'a sai ya tattara ya tafi, ya bar ni da "to" da "haka ne". Shi ya sa nake son wannan shafi na jarida. Takarda ba ta kallon mutum.

A wannan zangon manhaja ta ce in koya wa yara rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma. Adireshinka a sama ta dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, adireshin mai karɓa ta hagu, sai gaisuwa, sai kan magana a ja masa layi. Misalin da ke cikin littafi na wani yaro ne da yake roƙon a ƙara wa makarantarsu ɗakin karatu na biyu. Da na kai kan "na biyu" sai aji ya fashe da dariya. Na ajiye littafin, na ce to, mu rubuta kan abin da ya dame mu. Ba a yi gardama ba. Ƙofa.

Bayin 'yan mata a makarantarmu ba shi da ƙofa. Wata iska ce ta ɗauke ta tun kafin a ɗauke ni aiki. Saboda haka idan yarinya ɗaya ta ɗaga hannu, uku ne ke fita: mai uzuri, da mai riƙe mata mayafi a bakin ƙofa, da mai tsayawa nesa tana korar yara maza. Masu kunya sukan daure har a tashi tara su gudu gida, kuma ba duka ke dawowa ba. Manyan 'yan matan ajin sun fara ɗauke ƙafa kwana biyu, kwana uku a kowane wata. Na san dalili, sun san na sani, ba wadda ta taɓa cewa komai. Ga shi jarrabawar fita tana matsowa.

Akwai wata yarinya a benci na gaba da 'yan ajin ke kira Lauya, don ba a gama magana da ita. Wasiƙarta ce ta fi burge ni. Bayan adireshi da gaisuwa, abin da ta rubuta shi ne: "Ranka ya daɗe, bayinmu ba ƙofa. Muna jin kunya. Don Allah a kawo ƙofa." Na ba ta maki cikakke.

Sai ga Hedimasta ya leƙo. Ya ɗauki takardar, ya nesanta ta da fuskarsa kamar mai wari.

"Malama, wannan wasiƙa ce ko sammaci?"

Na ce, "To."

"Ba a faɗa wa babba da buƙata haka tsirara. Da godiya ake farawa, a sanyaya masa zuciya, sannan a lallaɓa a ajiye buƙatar a gefe."

Lauya ta ɗaga hannu. "Malam, mu gode da me? Ba su yi mana komai ba."

"Ke, ba su yi alkawari ba? Ranar da Mai Girma shugabansu ya zo rabon kyaututtuka, bai nuna bayin da sandarsa ya ce mu ɗauka an gama ba? To ku gode da ƙofar. Idan ya ga kun riga kun gode, kunya ce za ta sa ya aiko da ita."

Ya juyo gare ni. Na ce, "Haka ne."

Ku yi mini adalci, masu karatu, dabarar ba ta yi kama da shirme ba a lokacin. Kuskurenmu ɗaya ne: mun ɗauka akwai kunya a ajiye a wancan ofishin.

Yara kuwa da suka gano cewa yabo ma darasi ne, sai suka shiga gasa. Wani ya kira shi Uban Masu Ƙofofi. Wata ta ce shi ne wanda ba ya iya barci idan ya tuna akwai gini a buɗe. Muka haɗa duka muka yi wasiƙa ɗaya. Godiya ta cinye shafin farko tas, har Hedimasta ya rasa wurin buga hatiminsa, ya matsa shi a kusurwa ya sa hannu a kai. Ita kuwa buƙatar, wato cewa har yanzu ba a kawo ƙofar ba, ta koma shafi na biyu tare da sunayen yara.

Muka aika, muka zauna jira. Da shirun ya yi yawa, Hedimasta ya ce tunda ni ce mai darasin, ni zan je in bi sawu. Abin da ya kai ni yau ke nan.

Akawun da na tarar mutum ne mai fara'a, yana ɓare gyaɗa a cikin aljihun tebur. Da na faɗi sunan makarantarmu sai ya miƙe tsaye.

"Ah! Ku ne masu godiya! Malama, Allah ya yi wa yaran nan albarka. Kullum ƙorafi ake kawo mana, ƙorafi, ƙorafi. Ranar da wasiƙarku ta iso, Mai Girma sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ga ta can, shi ya ce a sa mata gilashi."

Na dubi bangon. Shafin farko ne kawai.

Na haɗa duk ƙarfin da ke jikina na ce, "Ranka ya daɗe, akwai shafi na biyu."

"Na biyu?" Ya yi ɗan murmushi irin na mai tausayin baƙo. "Malama, Mai Girma mutum ne mai ayyuka. Tun da nake a nan ban taɓa ganin ya juya takarda ba."

"Amma ƙofar..."

"An rufe fayil ɗinku ai. Aiki ya kammala, jama'a sun shaida, ga hatimin shugabanku. A wurinmu ƙofa tana jikin bayinku. Har fenti an yi mata."

A nan ne ya kamata in buga tebur. Na shirya jawabin tun a cikin mota, har da sakin layi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wane launi?"

Ya duba fayil da gaske. "Shuɗi."

Ya ce idan muna son a sake buɗe maganar, sai mu rubuto cewa yaran ƙarya suka yi, wanda ya buga hatimin ya sake bugawa. Yana raka ni bakin ƙofa, tasu mai kyau ce ƙwarai, ta katako mai nauyi, sai ya ƙara da albishir: wasiƙar ta taɓa zuciyar Mai Girma har ya ce zai zo da kansa ya ga ƙofar, da masu ɗaukar hoto. Yaushe? Kowane lokaci daga yanzu.

Na koma makaranta na tarar da Hedimasta yana shan shayi. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Bai motsa ba sai da na zo kan masu ɗaukar hoto. Ya ajiye kofi.

"Hatimin wa ke jikin takardar?"

"Naka, Malam."

"Sunayen yaran fa?"

"Suna shafi na biyu."

Ya dubi rufi, ya dubi taga, sannan idonsa ya sauka a kan ƙofar ofishinsa. Ban taɓa ganin mutum ya kalli ƙofa da irin wannan baƙin cikin ba.

Kafin a tashi, kafintan bakin titi ya zo da guduma, an aika an sayo gwangwanin fenti shuɗi. Abin da aka shekara da shekaru ana jira, an gama shi kafin shayin ya huce. 'Yan matan ajina suka yi layi suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ba don uzuri ba, don kawai su ja sakata su ji ƙararta. Wata daga cikin masu ɗauke ƙafa ta fito da fenti a gwiwar hannu, ta dube ni ta ce, "Malama, gobe akwai gwaji?" Na ce akwai. Ta ce za ta zo.

Hedimasta ya tsaya a bakin ofishinsa da ya koma kamar rumfa, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Aro ne fa! Ranar da Mai Girma ya zo ya tafi, a ranar za a maido mini da abata."

Lauya ta matso kusa da ni. "Malama, in bai zo ba fa?"

"Sai ta zauna har ya zo."

Ta yi ɗan lissafi a ranta, ta ce, "To kar wanda ya rubuta masa tunatarwa."

Da na dawo gida na ba Mama labari, duk abin da ya faru ba abin da ya tsaya mata sai ɗaya. "Ke da digirinki, launi kika tambaya?" Na ce ai da ban tambaya ba da wane fenti za a saya? Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Saboda haka yau, a karon farko, ina da yabo na gaskiya ga Mai Girma Uban Masu Ƙofofi. Duk abin da ake faɗa a kansa, mutum ne da za a iya dogara da shi: idan ya ce zai zo, an san inda aka tsaya. Muna roƙon Allah ya ƙara masa tarurruka, ya yawaita masa tafiye-tafiye, ya shagaltar da shi da alheri a wani wurin, aƙalla har yarana su gama jarrabawa. Wanda kuma ya san shi, don girman Allah kar ya nuna masa wannan shafi. Ko da yake hankalina a kwance yake, edita ya ce a shafi na biyu za a buga.