Idon da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a biron kiwo na Belbeji ba, wato ofishin kula da lafiyar dabbobi. Ban jima da gama lakwal ba, makarantar koyon aikin likitan dabbobi, ga farar riga ta sha guga, ina ji a raina ko raƙumi ne ya yi tari can a yankin Tarka zan faɗi ciwonsa daga inda nake zaune.

Ranar kasuwa ce, makiyaya sun cika tsakar gidan da awaki, shef ɗinmu, shugaban biron, yana zaune a inuwa. Sai ga wani tsoho, Baba Ishaya, mai kula da lambun majami'a, ɗauke da kwando an lulluɓe shi da ganyen zogale.

"Likita, 'yata ce ba lafiya," in ji shi. "Kwana biyar ke nan ba ta ci komi ba. Ido ne."

Ina ɗaga ganyen na yi tsalle baya har na taka akuyar mutane. Hawainiya ce! (Ni da tun ina ƙarami in na hango ta sai in sake hanya, ban taɓa tsayawa na dubi fuskarta ba.) Ya ce shekara biyu tana kan bishiyar lemunsa tana cinye masa fara, kuma in ta ƙara 'yan kwanaki a haka mutuwa za ta yi.

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma mutane sun kewaye mu, shef yana kallo. Na leƙa daga nesa. Idon hagu yana tsaye cak, a ɗan lumshe. Na dama kuwa sai juyi yake, sama, ƙasa, har baya. Na gyara murya.

"Baba, na daman nan ya lalace. Jijiya ce ta saki, ƙila ma abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ka ga ya kasa tsayawa wuri ɗaya ba?" (Har kalmomin Faransanci biyu na ƙara, don a san an yi karatu.)

Wani makiyayi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Baba Ishaya bai ko murmusa ba. Ya ciro fara daga wani gwangwani, ya kai ta gefen dama, nan take idon ya kafe a kanta. Ya mai da ta hagu, idon ko motsi.

"Ɗana, mai yawon nan shi ne mai lafiya. Haka Ubangiji ya yi ta, kowane ido da hanyarsa. Wanda ya yi shiru shi ke ciwo."

Ya ce ta yi saɓa makon jiya, ya ga tana goga idon a reshe, ya gane ɓawon fata ne ya maƙale. Ruwan wanke ido kawai ya zo nema, da hannun da ba ya karkarwa irin nasa. Sannan ya juya wajen jama'a ya ɗaga murya: "Ai likita gwada ni yake, ya ga ko na san dabbata."

Shef ya ce, "To likita, Baba ya ci jarrabawar?"

Dariyar da aka riƙe ta fashe gaba ɗaya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya riƙe ta a tafinsa yana lallashinta kamar jika, ni kuma ina ɗiga ruwan (hannun da ya zo aro ya fi nasa karkarwa), har wani ɗan ɓawo kamar dusar gero ya fito. Bayan kwana uku ya biyo ya gaya mini ta kama fara da kanta.

Ban taɓa ganin mai lura irin Baba Ishaya ba, ko wanda ya iya gyara mutum yana rufa masa asiri kamarsa. Tun daga ranar, ko kaza aka kawo mini sai na fara tambayar mai ita, "Kai me ka gani?" Mutanen Belbeji suna cewa ladabi gare ni. Ban gaya musu tsoro ne ba.