Idon Mama Ya Ce A'a

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da idona ya kusa raba ni da maƙwabciyata ba.

Ni fa a unguwarmu ta Gada Biyu ina ji da kaina wajen tarbiyya. Babban abin da na tsana shi ne yaro mai kwaɗayi, don haka na koya wa 'yata Hanifa, mai shekara biyar, karatun ido: in aka miƙo mata abinci a gidan mutane ta dube ni. In na yi murmushi ta karɓa, in na ɗan ƙanƙance ido ta ce ta ƙoshi. (Har gwaji muke yi a gida da biskit, Allah Ya yafe min.)

Maƙwabciyar tawa Mama Chinedu ce, Inyamura mai shagon kayan masarufi. Tun da muka tare take min kirki, amma ban taɓa cin abincinta ba. Ba da wata manufa ba, sai dai a garin nan kowa ya san yadda ake fassara irin wannan tsakanin Musulmi da Kirista. Ranar Kirsimetin ta aiko takanas mu shigo.

Muna zama ta dire mana shinkafa dafa-duka da cinyoyin kaza, ƙamshi har ƙofar gida. Hanifa ta haɗiyi yawu ta dube ni. Ni kuma, saboda sabo, na ƙanƙance ido. Nufina ta ɗan ja aji sau ɗaya, a lallashe ta, sannan ta ci.

"Na ƙoshi," in ji ta, idonta a kan cinyar kaza.

"Haba Hanifa, ci mana. Don kai na dafa," in ji Mama Chinedu da Hausarta.

Sai yarinyar nan ta fashe da kuka. "Ina so! Wallahi ina so! Idon Mama ne ya ce a'a!"

Ba ta tsaya nan ba, har ƙanƙance nata idon ta yi ta nuna wa sauran baƙin da ke falon yadda nake yi.

Mama Chinedu ta ajiye cokali a hankali. "Maman Hanifa, kazan nan fa wurin mahaucinku na kai ya yanka. Tukunya ma sabo na saya."

Jama'a, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Matar nan ta yi duk wannan don mu ci da kwanciyar hankali, ga shi ta ɗauka ƙyamarta nake yi. Kawai sai na jawo farantin na sa hannu. Barkonon Mama Chinedu ba na wasa ba ne: hawaye, majina, tari, amma ban tsaya ba. Na cinye na ce a ƙaro. A faranti na biyu ne ta kwashe da dariya, ta miƙo min ruwa.

"Ya isa, kar ka mutu min a gida! Ni mintsini nake yi wa ɗana Chinedu a gidan mutane, shi ba ya tona min asiri."

Tun ranar na ajiye tarbiyyar ido, da baki nake wa 'yata bayani. Idon kuma ya samu sabon aiki: duk lokacin da na kai hannu faranti na biyu a gidan biki, sai na ga Hanifa daga nesa tana ƙanƙance min nata.