Dogo Ya Tafi da Shatin Yatsanta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tsohon mai walda na hawa na uku, wanda ya faɗo daga kan tankin ruwa ya tashi da ƙafarsa, wanda likitoci suka yanka sau biyu suka gaji suka ƙyale, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Dogo, bayan shekara ashirin da shida a hannunsa.

Ga wanda bai san mamacin ba, Dogo gilashin Balo ne, bututun nan da ake zurawa a gindin madubin hangen taurari ya ninka girman abin da ake kallo. Iri biyu ne, dogo da gajere. Tsoho bai taɓa zama a aji ba, amma ranar da ya je saye, masu digiri uku ne a shagon suna ta cusa masa gajere, wai ya fi sauƙin ɗauka. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki dogo. Biyu daga cikinsu yau ba sa duniya. Shi yana nan.

Marigayin ba mai hayaniya ba ne. In zai shiga ya yi suuu, a ɗaure noti ya ce ƙyas, shi ke nan. Bai taɓa murɗe tauraro ba, bai taɓa cinye gefen wata ba. Aibinsa nauyi da girman kai. Ba ya shiga madubin gwiwa, wanda ake kallo da shi a zaune, sai ya tokare. Mai son Dogo dole ya durƙusa masa.

Uwar 'ya'yan tsoho ta sha durƙusawa. Tela ce, takan bar keke ta hau rufin bene tana mita, wai an raba ta da aiki saboda ɗigon haske a sama. A hawanta na ƙarshe, shekara tara ke nan, ta kama Dogo ta inda aka hana ta sau ɗari, ta dangwala wa gilashin babban yatsa mai man keke. Tsoho ya yi ta faɗa har ta sauka ba ta kalli komai ba. Ya ce gobe zai goge. Gobe a asibiti ta same su, kuma shi kaɗai ya dawo.

Bai goge ba. Tun daga nan, duk sanda ya saita tauraro mai zobe, sai ya ga wani farin abu tsaye a gefensa, ba ya matsowa, ba ya tafiya. Mai gyaran kyamara ya ce maiƙo ne. Tsoho ya san maiƙo, shekara hamsin yana cikinsa. Maiƙo ba ya tsayuwa haka, kai a karkace, kamar mai jiran a ba ta haƙuri.

Ciwon ajali ya faro bara, lokacin da gwiwoyin tsoho suka ƙi durƙuso. Gwiwoyin ne suka gaza, ba shi ba. 'Yarsa ta kawo Gajere, aka sa Dogo a durowa, damina ta wuce ta kansa. Da aka buɗe, fumfuna ta tsiro daga tsakiyar yatsan, ta yi zare-zare kamar saiwa. Mai gyara ya ce zai cece shi, amma sai an wanke gilashin tas, har da yatsan. Tsoho ya karɓo abinsa. Ran Talata ya ɗaga shi ga hasken taga, babu abin da ya wuce sai fari. In an karkata shi kuwa, layukan yatsan suna nan.

Dogo ya rasu ya bar madubin hangen, da ƙafafunsa uku, ɗaya ta sha walda, da ƙaninsa Gajere. Gajere ba shi da laifi. Yana nuna zoben nan fes, gefensa babu kowa. Mutumin da tanki bai kashe ba, ba ya iya minti biyu yana kallon wannan wurin.

Za a yi wa Dogo sutura ran Asabar da la'asar a ɗakin ɗinki, a naɗe shi da yadin da uwar 'ya'yan ta bari ƙarƙashin allura, a kwantar da shi a durowar keken. Masu ta'aziyya su hau a hankali, matakala ta huɗu tana motsi. Kowa zai iya ganin gawa, amma a riƙe ta ta gefe. Wanda ya zo da hankici, idonsa kaɗai zai goge da shi.