Yadda Nomau Ya Kai wa Goggo Sori

A Tungar Marke, ƙauyen da ke bakin gulbi, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, shi kaɗai yake ɗora wa jaki buhun gero, amma in ka ce masa "sa ido a kan tukunyar nan", sai ka dawo ka tarar ya kifa fuskarsa a bakinta. Mahaifiyarsa, Iya Hansai, takan ce kunnen Nomau ba shi da rariya, duk abin da aka zuba haka yake wucewa har zuciya. Suna zaune gida ɗaya da ita da matarsa Marka, mace mai haƙuri da yawan dariya. In ya taso daga gona, ba shi da wurin zuwa sai gindin wani marke a bakin ruwa, ya yi ta kallon balbelu suna sauka suna tashi har rana ta yi sanyi.

Yana da ƙane, Lurwanu, wanda ya yi 'yan shekaru a birni ya dawo ya buɗe shagon cajin waya. Ya zo da janareta, ya kuma zo da wasu kalmomin Turanci da yake jefawa cikin kowace magana kamar gishiri. Kafin damina ta wuce, samari da 'yan matan ƙauyen duk sun ɗauka.

Wata rana Lurwanu ya leƙo daga shago ya ce, "Yaya, zo da sauri, imajansi ne." Nomau ya san kalmar. Ya taɓa jin ta a asibitin gari ranar da suka kai mahaifinsu, a bakin wata ƙofa da ba a shiga sai rai yana hannun Allah. Bai tsaya tambaya ba. Ya ɗaura wa shanu amalanke, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya biya ya ɗauko wanzami da ungozoma, don bai san wanne za a buƙata ba. Suka iso suka tarar da Lurwanu zaune da kofin shayi. "Sukari ne ya ƙare," in ji shi. Ungozoma ta sauko tana gyara zane, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa karɓar haihuwar shayi ba.

Wata rana kuma Marka ta yi miyar kuɓewa ɗanya da busasshen kifi. Lurwanu ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido ya ce, "Kai, miyar nan faya ce." Nomau ya ce, "Mene ne faya?" Ya ce, "Wuta mana, Yaya." Nomau ya miƙe a natse, ya ɗauko bokitin ruwa ya juye a tukunyar, ya ƙara da ƙasa tafi biyu don kada ta sake tashi. Ranar nan gayan tuwo aka ci. Marka ta yi dariya har da hawaye, amma da ta wanke tukunyar ta daina.

Wata rana a kasuwar Laraba, Lurwanu ya tsaya gaban mai takalma, ya ɗaga wani jan takalmi ya ce, "Wallahi ina lobin takalmin nan." Nomau ya tambayi ma'ana, aka ce masa ƙauna. Ya dubi ƙanensa da tausayi. Kasuwa ta zagayo sai ga shi da ƙullin goro, sanye da babbar rigarsa ta Sallah, ya durƙusa gaban mai takalma. "Na zo ne a madadin ƙanena," in ji shi. "Ya gani yana so, mu kuma ba ma son a yi ta tsayuwa a waje ba iznin manya. Abu ɗaya ne ya dame ni. Na ga su biyu ne, kuma ba a haɗa ya da ƙanwa." Mai takalma ya karɓi goron, ya ce zai yi shawara da dangi.

A hanyar komawa gida Nomau ya yi ta juya maganar. Shi bai taɓa ce wa Marka yana ƙaunarta ba, kunya ba ta bari. Ya so ya gwada sabuwar kalmar, tunda ba ta da nauyin faɗa, sai ya tuna an riga an ba takalmi ita, an ba taliya, an ba wani ɗan ƙwallo da ba wanda ya taɓa gani ido da ido. Ya ratse ya shiga tafki har gwiwa, ya tsinko furen bado fari, ya kai ya ajiye mata a kan murfin randa.  Da ta gani, ta sa shi a ƙoƙo da ruwa.

Kalmar da ta fi kowace yawo ita ce sori. In an taka ka, sori. In ka yi atishawa, sori. In an saɓa alkawari, sori. Nomau ya je wurin Malam Isiya, tsohon malamin firamare, ya tambaye shi. Malam Isiya ya ce, "A asalinta, mutum yana nufin ya yi nadama, abin da ya yi ya tsaya masa a zuciya." Nomau ya riƙe wannan.

Wata rana wata yarinya mai tallar awara ta taka masa ƙafa a bakin masallaci, ta ce "sori" tana wucewa. Nomau ya sha gabanta. Ya zaunar da ita a kan dakali, ya kira mutum biyu su yi shaida, ya ce, "Kada ki sa wa ranki damuwa, 'yata. Na yafe miki duniya da lahira. Ki ci abinci, ki yi barci." Yarinyar ta dube shi, ta dubi shaidun, ta ce ita ta ma manta me ta yi.

Da azahar ɗin nan barci ya ɗauke shi a gindin marke. Ya yi mafarki wai matan ƙauyen suna wanki a kan duwatsun gulbi, kalmomi ne sabulunsu. Wannan ta goga ta miƙa wa waccan, waccan ta goga ta miƙa gaba, sabulun yana ƙanƙancewa yana santsi, har ya zama ɗan siriri kamar farce, ya suɓuce ya bi ruwa. Da ya farka ya ba Marka labari. Ta ce, "Malam, rana ce ta dake ka."

A ƙarshen layinsu akwai Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifinsu. Ita ta yaye Lurwanu, a bayanta ya yi wayo. 'Yarta ɗaya ta rasu, ta bar mata wata tunkiya fara mai baƙin kunne. Goggo ba ta sayar da ita ba, ba ta yanka ba. Tare suke wuni, tana kaɗi tana yi mata hira, tunkiyar tana tuƙa.

Wata rana Lurwanu ya aro babur, ya toshe kunnuwansa da waƙa, ya shawo kwana a guje ya banke tunkiyar a ƙofar gidan. Ya rage gudu, ya waiwaya ya ce, "Sori, Goggo," ya wuce. Kafin a samo wuƙa ta mutu.

Goggo ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Amma tuwon da Iya Hansai ta aika mata ya dawo a rufe yadda aka kai shi. Aka gaishe ta, ta amsa wa kowa ban da mutanen gidan su Lurwanu. Daga baya aka ji tana ɗaure kwanukanta, wai za ta koma garin dangin mijinta da zama. Iya Hansai ta samu Lurwanu a shago ta ce, "Matar da ta goya ka za ta bar garin nan saboda kai. Ka je ka ba ta haƙuri."

"Ai na ce mata sori, Iya."

"Ka koma."

Lurwanu ya dubi wayoyin da ke jere a gabansa, ya dubi hanyar gidan Goggo, ya ji ba zai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce, "Yaya, don Allah kai mata sorina."

Nomau ya tara hannu biyu. "Kawo."

"Ba a hannu ake ba da shi ba."

"To yana ina?"

Lurwanu ya dafa ƙirji. "Yana nan ciki mana."

Nomau ya yi nazari. An aike shi da kaya, kayan kuma suna cikin mazubi. Sai ya sunkuya ya saɓa Lurwanu a kafaɗa kamar damin dawa, ya kama hanya. Lurwanu yana ta harbin iska yana cewa a sauke shi, masu shan shayi suka miƙe suna kallo, mata suka leƙo ta kan zana. Nomau bai tsaya ba sai tsakar gidan Goggo. Ya dire shi a gabanta ya ce, "Goggo, ga saƙo. Yana cikinsa, ban san yadda ake ciro shi ba."

Tana zaune a kan tabarma da mazari a hannu, ƙullin kayanta a gefe. Lurwanu ya karkaɗe riga ya ce ƙasa-ƙasa, "Sori, Goggo." Ta ci gaba da kaɗinta.

Nomau ya ce, "Wannan na baki ne. Na cikin bai fito ba tukuna. Mu jira."

Ya nemi inuwa ya zauna. Gidan ya yi tsit, ba abin da ake ji sai kukan kurciya a kan darbejiya. Lurwanu ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sauka a kan turke. Igiyar tana nan a ɗaure, ga ragowar harawa, ga kaskon ruwa an cika shi sabo, ba mai sha. Ya daɗe yana kallon kaskon. Sannan ya cire hula, ya durƙusa har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa.

"Goggo, na cuce ki. Na san tunkiyar ta wace ce, kuma ban tsaya ba. Ki yafe mini."

Mazarin ya tsaya. Goggo ta goge ido da bakin mayafi. Can ta ce, "Tashi ka kwance mini ƙullin nan. Ka mayar da kwanukan inda ka san suke zama."

Nomau ya kakkaɓe wando ya koma gida a hankali, yana tsayawa kallon gajimare. Marka ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Ka kai?"

Ya ce, "Na kai. Samo mini man zafi ki shafa mini a kafaɗa. Ashe in na gaske ne, nauyi gare shi."